Me ya sa murtsunguwa mai siffar ganga take karkata kudu?

Ɗalibar Ilimi:
Assalamu alaikum, malamai. A hotunan hamadar Sonora, wadda ta ratsa kudu maso yammacin Amurka da arewacin Meziko, na lura cewa murtsunguwar nan mai kama da ganga ba ta tsayuwa sak, kusan duk manyan sun karkata gefe guda. Mene ne dalili? Kuma shin gaskiya ne matafiyi yana iya fasa ta ya sha ruwa?

Malamin Tsirrai:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kudu ko kudu maso yamma take karkata, kuma bayanin da masana suka fi bayarwa shi ne, gefen da yake shan zafin rana ba ya girma da sauri kamar gefen inuwa, don haka shekara da shekaru jikin yana lanƙwasa, har tsofaffi daga cikinsu sukan faɗi bayan ruwa ya sassauta ƙasa. An fi ganin haka a nau'in Ferocactus wislizeni na jihar Arizona, mai ƙaya lanƙwasasshiya kamar ƙugiya.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take tattalin ruwa. Saiwoyinta ba sa nitsewa can ƙasa, bazuwa suke yi kusa da sama domin su zuƙe ko da yayyafi ne, sannan tsage-tsagen jikinta su buɗe ta kumbura, in fari ya tsawaita su sake matsewa. Ƙofofin numfashinta kuwa sai da dare take buɗe su, lokacin da iska ta yi sanyi.

Abu Hafsat:
Game da shan ruwan, ina roƙon kada kowa ya dogara da wannan zance. Babu tafki a cikinta, tsoka ce mai danshi da yauƙi, kuma sinadaran da ke ciki suna iya jawo amai da gudawa, waɗanda suke ƙara wa mai ƙishirwa rauni. Ga shi kuma shukar da ta yi shekara 50 ko fiye tana girma, sara ɗaya ya isa ya kashe ta.

Ɗalibar Ilimi:
Na gode, Malam. To da wannan ƙaya, akwai dabbar da take amfana da ita?

Malamin Tsirrai:
Ƙwarai kuwa. Furanninta suna fitowa a kewaye bisa kanta a ƙarshen lokacin zafi, ƙudan zuma na jeji su yi musu barbara. 'Ya'yan rawaya ne, ba su da ƙaya, kuma suna daɗewa a kanta har cikin hunturu, inda barewa da tsuntsaye da ɓerayen daji suke cin su, su kuma watsa irin a wasu wurare.