Wa mai gadin imel ya taɓa tare wa saƙo? Ku zo mu haɗa labari

Malam Na-Runjin Sambo

Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ya same ni da har yanzu in na tuna sai in ji ɗaci a bakina. Tun kafin azumi na cike takardun neman tallafin karatun digiri na biyu a wata jami'a ta waje, aka ce wanda ya tsallake zagayen farko za a tuntuɓe shi ta imel. Kullum bayan asuba sai na duba, kafin in kwanta in sake dubawa, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ranar Talata wani ɗalibina ya karɓi wayata zai tura mini takarda, sai ya ce, "Malam, kana leƙa akwatin sifam kuwa?" Na ce me ke ciki ban da shara? Ya buɗe. Ga saƙon nan zaune tsakanin tallar maganin ƙiba da wasiƙar wata wai bazawara mai neman wanda za ta damƙa wa dala miliyan goma. Sun sa mini ranar ganawa ta bidiyo, ranar ta wuce da kwana biyu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, a wannan makon ne saƙon ƙarya da sunan bankina, wai za a rufe asusuna in ban turo BVN ba, ya shigo babban akwati lafiya lau. Wane irin mai gadi ne zai tare baƙon kirki a zaure ya buɗe wa ɓarawo ƙofa? Duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan, a karɓa ko a aikawa, ya ba mu labari.

Maman Ummi (Arkilla)

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya musanya da mafi alheri. Ni ta ɓangaren aikawa na sha tawa. Ni ce sakatariya a wata makarantar kuɗi. Ƙarshen zangon bara shugaba ya ce a daina buga takardar sanarwa, a tura wa iyaye ta imel. Na zauna na kwashe adireshi sama da 600, na riƙa zubawa rukuni-rukuni. Ban kai ƙarshe ba akwatin makaranta ya ƙi aika komai, ko amsar saƙo guda, sai washegari. Waɗanda suka fita ma rabin iyayen sun ce ba su gani ba. Ga wata kunya kuma: na jera adireshin kowa a fili, sai wani uba ya danna amsa wa kowa yana faɗan ƙarin kuɗin mota. Kafin la'asar mutum ɗari sun san damuwarsa.

Tsohon Mai Kafe

Malam, wanga zance ya tuna min dauri. Wajen 2005 ina da kafe nan cikin gari, kwamfuta goma sha biyu da faifan tauraron ɗan'adam bisa rufi, kuɗin wata kamar su kashe ni. Sai intanet ta fara jan ciki, shafi guda sai ka sha shayi ka dawo bai buɗe ba. Wasu 'yan kwangila da ke zuwa da kwamfutarsu ta hannu su aika saƙon kamfani sunka fara koke, wai saƙonsu na dawowa da wani dogon turanci.

Wata rana zafi ya hana ni barci gida, na tahi shago wajen ƙarfe uku na dare in kwanta ƙarƙashin fanka tunda akwai wuta. Ba kowa ciki, kwamfutoci na kunne amma babu mai taɓa su. Sai ni ga fitilar akwatin intanet tana ƙyaftawa ba tsayawa, kamar ana rububin aiki. Wallahi har addu'a na yi. Da yaron da ke muna gyara ya zo da sahe, ya ce ba aljanu ba ne, cuta ce ta shiga kwamfuta huɗu, wani can wata ƙasa shina amfani da su yana watsa tallar magani ga dubban mutane, da kuɗin intanet ɗina. Kuma lambarmu ta IP, wato adireshin shagon a intanet, ta shiga baƙin kundi, shi ya sa anka daina karɓar saƙon 'yan kwangila. Munka wanke kwamfutocin, ya toshe wata ƙofa da ya ce ita ce lamba 25, munka cike takardar roƙo a cire mu. Kwana da kwanaki kafin abin ya warware, kuma biyu cikin 'yan kwangilar ba su sake dawowa ba.

Injiniya Ɗan Mabera

Baba Mai Kafe, ran ka shi daɗe, yaronka ya san aikinsa. Ƙofa ta 25 ita ce wadda saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓa da tura imel, ke miƙa wa wata saba saƙo, shi ya sa kamfanonin intanet da yawa yanzu suke toshe ta ga kwamfutocin gida da na shago, mai aika saƙon gaskiya ya bi ta 587 ya nuna kalmar sirri.

Malam, asalin matsalar tsohuwa ce. Ƙa'idar da imel ke tafiya a kanta, SMTP, an rubuta ta a 1982 lokacin da masu amfani da hanyar kusan duk sun san juna, jami'o'i ne da cibiyoyin bincike a Amurka. Ba a sa mata hanyar tabbatar da mai aikawa ba. Kamar ambulan ne, kowa na iya rubuta sunan da ya ga dama a bayansa. Alhali tun 1978 wani ɗan tallar kamfanin kwamfuta, Gary Thuerk, ya riga ya tura talla ga mutum kusan 400 a ARPANET, hanyar sadarwar da ta haifi intanet, aka yi ta masa faɗa. Duk dabarun da suka biyo baya faci ne a kan wannan rigar.

Baƙin kundin da Baba ya faɗa ciki na daga cikin na farko. Ƙungiyoyi irin su Spamhaus, da aka kafa a 1998, suna tara lambobin da shara ke fitowa daga gare su, saba kuma ta duba kundin kafin ta karɓa. Iyakar da Maman Ummi ta ci karo da ita wata dabarar ce daban, ta rage gudu: Gmail na kyauta, misali, 500 ne iyakarsa a rana.

Wadda ta ja mini magana a wurin aiki ita ce wadda nake kira "je ka ka dawo", Evan Harris ya bayyana ta a 2003. Duk saƙon da ya zo daga baƙon da saba ba ta sani ba, sai ta ce masa ba yanzu ba, ka dawo anjima. Saba ta gaskiya za ta ajiye saƙon ta sake gwadawa bayan 'yan mintoci. Na'urar watsa shara kuwa, mai gidaje miliyan a gabanta, galibi ba ta waiwaye. Da na kunna ta, sharar da ke shigo mana ta faɗi warwas, har na fara jin kaina. Kwana uku sai ga kira daga ofishin oga. Yana kan waya da wani a Abuja, mutumin na cewa "na turo yanzu," shi kuma yana ta danna sabuntawa ba komai. Minti ashirin kafin ya iso. Ya ce, "Injiniya, da can ina samun shara amma ina samun saƙona." Na cire ofishinsa daga tsarin, na bar sauran.

Alhaji Mai Fata

Ku bar ni in faɗi tawa, don ni ina ganin akwai rashin adalci. Jar fatar akuyar Sakkwato ba sai an yi mata talla ba, amma sai an yi magana da mai saye. Wani Bature daga Italiya ya ba ɗana katinsa a wajen baje koli. Na sa aka rubuta masa wasiƙa mai ladabi: gaisuwa, ni ɗan kasuwa ne daga Najeriya, ina da harka mai riba, ga adadi ga farashi da dala, a amsa da gaggawa. Har manyan baƙaƙe na sa aka yi don ya ga muhimmanci. Sau uku muna turawa. Da muka same shi ta WhatsApp sai ya yi dariya, ya ce duka ukun na cikin shararsa, kuma ko da ya gani da bai buɗe ba. Shekara talatin ina kasuwa ban ci na kowa ba. Laifin wasu yara ya sa na'ura ta ɗauke ni ɗan damfara.

Injiniya Ɗan Mabera

Alhaji, ka yi haƙuri, amma wasiƙar nan ko ni aka turo wa sai na ɗaga gira. Rariyar da ta kama ka ba ta san ka ba, kalmomi take ƙirgawa. A 2002 Paul Graham ya yaɗa dabarar amfani da lissafin yiwuwa na Thomas Bayes, wani malamin coci na Ingila a ƙarni na 18. Ana ba na'ura tulin saƙon shara da tulin na kirki, ta lura wace kalma ta fi yawa a ina. "Harka mai riba," "gaggawa," dala, manyan baƙaƙe, daga adireshin da bai taɓa rubuto maka ba, duk sun taru a wasiƙa ɗaya. Na yanzu sun fi wannan wayo nesa, suna duba tarihin mai aikawa da abin da miliyoyin mutane ke yi da irin saƙon, amma tushen bai canja ba. In za ka sake, layi uku ya isa: kun haɗu da ɗana a wuri kaza ranar kaza, ka ba shi katinka, ga abin da kuka tattauna.

Alhaji Mai Fata

To na ji. Amma ka yarda sunan ƙasar ma na ciki.

Injiniya Ɗan Mabera

Na yarda, Alhaji. Na taɓa ganin saba a waje da mai ita ya toshe lambobin Najeriya gaba ɗaya don ya huta.

Barista Ƙarami

Ɗan tsokaci kawai. Lambar 419 da duniya ta san mu da ita sashe ne na kundin laifuffuka da ake aiki da shi a Kudu. Mu nan Arewa kundin Final Kod (Penal Code) muka gada, lambar ma ba tamu ba ce, amma tambarin ya hau kowa. Dokar laifukan intanet ta 2015 kuwa ta tarayya ce, ta shafi kowa da kowa.

Ɗalibar Kwamfuta

Ni abin da ya burge ni a aji shi ne waɗanda suka ce tunda aika imel kyauta ne shi ya sa ake ɓarna, to a sa masa tsada. A 1997 Adam Back ya fito da Hashcash: kafin kwamfutarka ta aika saƙo sai ta warware wani ɗan lissafi mai cin lokaci kaɗan. Mai saƙo goma ba zai ji ba, mai miliyan goma zai ji a jikinsa. Bai karɓu a imel ba, kuma labarin Baba Mai Kafe ya nuna dalili ɗaya, tunda da kwamfutar wani ake aikin, wani ne zai biya. Daga baya dabarar ta je ta zama ginshiƙin Bitcoin. Bill Gates ma a 2004 ya ce cikin shekara biyu za a gama da sifam. Lokacin ko haihuwata ba a yi ba.

Anti Mai Ƙungiya (Gawon Nama)

Muna da ƙaramar ƙungiya ta mata masu sana'a, muna tura rahoton wata-wata ga masu tallafa mana da sunan shafinmu. Farkon 2024 sai saƙonni suka fara dawowa. Yaron da ya gina mana shafin ya tafi hidimar ƙasa, da ƙyar na same shi. Ya ce daga Fabrairun shekarar Google da Yahoo sun tsaurara, dole mai aikawa ya nuna shaida, masu tura saƙo 5,000 a rana zuwa Gmail kuma sai sun cika shaidu uku, SPF da DKIM da DMARC. Ya yi mini bayani yadda zan gane. SPF jerin masinjojin da ka yarda su kai saƙo da sunanka ne. DKIM hatimi ne a jikin wasiƙa, in an taɓa ta a hanya za a gane. DMARC kuma umarninka ne ga mai karɓa, in wasiƙa ta zo da sunana ba hatimi ga yadda za ka yi da ita. Layi uku ya ƙara a wani wuri, cikin minti goma, bayan na yi wata guda ina zargin masu tallafi sun juya mana baya.

Roƙona ga jama'a: in kun gaji da saƙon da ku da kanku kuka yi rajista, ku danna cire suna, kada ku danna sifam. Ya ce mini in masu ƙorafi suka kai uku cikin dubu, an fara yi wa mai aikawa kallon mai shara ke nan.

Maman Ummi (Arkilla)

Innalillahi. Anti, ni kullum sifam nake dannawa, ya fi kusa da yatsa. Ashe abin da iyayen yara suka yi mini ke nan.

Injiniya Ɗan Mabera

Malam, saura tambayarka ta ɓarawon da aka buɗe wa ƙofa. Hatimin nan yana tabbatar da cewa saƙo ya fito daga gidan da ya ce, ba ya cewa gidan na mutanen kirki ne. Ɗan damfara sai ya sayi sabon suna mai kama da na banki, ya yi masa hatiminsa tsaf, ko ya saci akwatin wani bawan Allah mai tarihi mai kyau ya aika da shi. Koma ka danna sunan bankin a saƙon, ka karanta adireshin da ke ƙarƙashi harafi-harafi. Ita kuma jami'a, irin wannan saƙon sau da yawa wata manhaja ce ke tura shi ga ɗaruruwa a lokaci ɗaya, magana iri ɗaya da linki a ciki, wani sa'in ba a daidaita hatimin ba. Ka ma yi sa'a, sharar Gmail kwana 30 take yi ta goge kanta. Ka danna "ba sifam ba ne," ka ajiye adireshinsu cikin lambobinka, sannan ka rubuta musu yau ɗin nan ka faɗi gaskiyar abin da ya faru.

Malam Na-Runjin Sambo

Na gode ƙwarai jama'a. Injiniya, na duba na bankin, ashe an sa lamba 1 a wurin harafin l, ido ba zai taɓa kamawa a waya ba. Na rubuta wa jami'ar daren Laraba, har hoton akwatin sharar na haɗa musu, da bazawarar da maganin ƙibar duka. Yau da safe amsa ta zo, sun ce ba ni kaɗai ba ne, sun sa ni a rukuni na biyu ranar Litinin ƙarfe huɗu. Sai da na gama birkice shara ban ga komai ba, har na fara huci, sannan na tuna ban duba babban akwatin ba. Baba Mai Kafe, in kana da wanda ka sani mai intanet da ba ta yankewa wajen Runjin Sambo, a taimaka mini da awa ɗaya ranar Litinin.