Tsarabar kaka ta cika gida: me kuke ɗorawa da daddare idan kun dawo a gajiye?

Malamar firamare, Kano
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina tashi daga makaranta ƙarfe 2, in wuce islamiyyar da nake koyarwa, ba na shigowa gida sai dab da magariba. Shekaran jiya ƙanin maigida ya zo daga ƙauye da tsarabar kaka: rabin buhun sabon wake, kabewa manya guda 3, ɗanyar gyaɗa da ƙasarta, da 'yan zangarniyoyin gero. Ga abinci jibge a tsakar gida, amma kullum taliya nake dafa wa yara saboda ita ce mai sauri. Abin yana damuna wallahi. Ku da kuke aiki a waje, yaya kuke yi a irin wannan lokaci?

Uwar 'ya'ya biyar, Zariya
Wa alaikumus salam. Malama, ki fara da waken nan. Sabon wake ba kamar wanda ya kwana biyu a rumbu ba ne, ba ya son kanwa, nan da nan yake nuna. Ni da safe nake tsince shi in jiƙa kafin in fita. Ina dawowa sai in surfa in wanke, in soya albasa da attaruhu a manja, in zuba ruwa da daddawa, in saka waken. Idan ya ɗauko laushi sai in yanka kabewa ƙanana in zuba, ita za ta narke ta ɗaure faten. Alayyahu a ƙarshe, ya yi minti 5 ki sauke. Kafin a idar da sallar isha'i an ci an wanke kwanuka. Kabewar da ba ki fasa ba kuma ki ajiye a inuwa inda iska ke ratsawa, tana iya kai ki har tsakiyar hunturu.

Hajiya, Funtuwa
'Yata, gyaɗar nan ce ta fi tsaya mini a rai. Kada ki bar ta a buhu da danshinta. Wata shekara na yi wannan sakaci, kwana huɗu kawai, na buɗe na tarar ta yi funfuna, dole duka na zubar, don gyaɗa mai funfuna cuta ce ga hanta. Ki ɗebi wadda za a ci ki wanke ƙasar tas, ki dafa da ɓawonta da gishiri, sauran ki baza a tabarma ta sha rana har sai kin girgiza kin ji tana ƙara.

Amma ki kula da lokacin da za ki ba yara dafaffiyar. Jikokina idan suka samu kwanon gyaɗa da la'asar, to tuwon dare sai dai ɗumame. Yanzu bayan tuwo nake fito da ita, a zauna a tabarma ana ɓara ana hira.

Magidanci, Maraɗi
Ku yi mini izini in sa baki ko da yake zancen mata ne. Zangarniyoyin nan da kika ambata, Malama, idan hatsin bai gama bushewa ba, tumu za ki yi musu. Ki ɗora a garwashi kina juyawa har ƙwayar ta fara tsalle, sai ki murza a tafin hannu, ki hure ƙaiƙayin. Muna yara a bakin gona ake yi mana shi, kuma har yau in na ji ƙamshinsa mahaifina nake tunawa, Allah ya jiƙansa. 'Ya'yana a birni suka tashi, bara na gasa musu karo na farko, ƙaramar har kuka ta yi da ya ƙare. A nan kuma kaka lokacin fara ce, ana sayar da ita da tiya a kasuwa, a soya a barbaɗa yaji. Lokacin da uwargida ta haihu, dambun zogale da soyayyar fara na riƙa haɗa wa yara, ba su taɓa ƙorafi ba.

Hajiya, Funtuwa
Amin, Malam. Allah ya jiƙan magabatanmu. Tumu kam yaran yanzu da yawa ko sunansa ba su sani ba.

Ma'aikaciyar jinya, Jos
Ni ɗanwake ne ya rufa mini asiri. Ki kai kwano ɗaya na waken inji tare da alabo, a niƙo miki, ki tankaɗe ki zuba a bokiti mai murfi. Ranar da kika dawo ƙafa ba ta ɗaukarki, ki ɗebi garin ki sa kuka da ruwan kanwa kaɗan, ki kwaɓa, ki jefa a tafasasshen ruwa. Idan ya taso sama ki bar shi ya ɗan ƙara nuna, ki tsame a ruwan sanyi. Mai, yaji, tumatir, albasa, in da hali dafaffen ƙwai. Minti 20 ya ishe ki. Kanwar dai kada ta yi yawa, tana ɓata wa yara ciki.

'Yar Katsina a Ingila
Kun sa ni kewar gida. Mu nan tun da aka mayar da agogo baya a ƙarshen Oktoba, kafin ƙarfe 5 magariba ta yi, ga sanyi ga ganyaye duk sun zube. Kabewa ce cike da shaguna saboda bikin da suke yi ranar 31 ga wata, washegari kuma farashinta ya faɗi. Shekarar farko na ɗauko ƙatuwa ina murna, ashe irin ta ado ce, ruwa ne kawai ba garɗi. Ƙananan sun fi kama da tamu. Da su nake miyar taushe: in dafa kabewar da nama, in dame ta da ludayi, in sa niƙaƙƙiyar gyaɗa ta kwalba wadda ba sukari, da alayyahu, da daddawar da Umma ta aiko mini. Yakuwa ce ba na samu, sai in ɗiga lemon tsami. Tukunya guda nake yi ranar Lahadi in raba a firji, kullum tuwon shinkafa kawai zan tuƙa. Yaya Malama, wannan dabarar za ta yi miki idan kuna samun wuta.

Malamar firamare, Kano
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Wuta kam ba ta zama a unguwarmu, don haka ajiyar miya ba za ta yiwu ba, amma jiya na gwada faten Anti ta Zariya, har maigida ya nemi ƙari. Hajiya, na baza gyaɗar tun da safe, na kuma aika wa maƙwabta da kabewa ɗaya don ta yi mana yawa. Waken ɗanwake yana wurin niƙa. Tumu ne na duba na ga geron ya riga ya bushe ƙayau. Malam, idan na yayyafa masa ruwa ya kwana zai gasu, ko dai in sussuka in yi kunu da shi?