Daga ƙona littattafai a 303 zuwa addinin gwamnati a 380: ta yaya abin ya juye?

Ɗan Makaranta

Barkanmu da warhaka. Akwai ƙullin da nake so masana tarihin Rumawa su kwance mini. A shekarar 303 Miladiyya sarkin Rum yana rushe majami'u, yana ƙona littattafan Kiristoci. A 380, shekara 77 kacal a tsakani, wani sarkin ya fitar da doka yana faɗa wa jama'a irin Kiristancin da za su bi. Bayanin da aka saba yi shi ne sarki Kwanstantin ya ga alama a sama, ya karɓi addinin, magana ta ƙare. Wannan bai ƙosar da ni ba. A aikace, ta yaya hukuma take gane Kirista har ta hukunta shi? Me Kwanstantin ya ba coci takamaimai? Kuma me ya kai sarki shiga gardamar aƙida?

Malam Garba

Ɗan'uwa, bari in ɗauki ta farkon. Hukumar Rum ba ta tono abin da ke zuciyar mutum. Gwajinta ɗaya ne, hadaya. Wajen shekarar 112 gwamnan Bitiniya, Filini, ya rubuta wa sarki Tarajan yadda yake yi: yana tambayar wanda aka kawo ƙara har sau uku ko shi Kirista ne, yana yi masa barazana. In ya kafe, a kashe shi, sai fa in yana da 'yancin ɗan ƙasar Rum, wannan a tura shi babban birni. In ya musanta, a kawo siffar sarki da gumaka, ya zuba turare da giya, ya zagi Almasihu, a sallame shi. Tarajan ya amince, ya ƙara da cewa kada a bi su gida gida, kada kuma a karɓi takardar ƙara marar suna. Shi ya sa tsanantawar farko ta kasance jefi-jefi, gari ya kama da wuta, na kusa da shi lafiya lau.

Sarki Desiyus ne ya mai da abin na daula baki ɗaya a 250. Ya ce kowa ya yi hadaya a gaban kwamitin gari, ya karɓi takardar shaida da ake kira libellus. An tono fiye da 40 daga cikinsu a Masar, kuma tsarinsu kusan ɗaya ne: mutum ya rubuta cewa dama can yana bauta wa alloli, yau ma ya yi hadaya, ya tsiyaya abin sha, ya ɗanɗani naman, sai jami'ai su sa hannu a ƙasa da kwanan wata. Ɗaya daga cikin takardun ta wata mata ce mai hidimar gunkin kada a Fayum. Ka ga ke nan dokar kan mai uwa da wabi ce, ba Kirista kaɗai aka nema ba, su dai ne ba za su iya cika ta ba.

Inda dabarar ta lalace, takarda abar saye ce. Wasu suka ba magatakarda na goro suka karɓi shaida ba su kusanci bagadi ba, wasu suka tura bawa ya yi a madadinsu, wasu suka bar gari. Desiyus ya mutu a yaƙi da Gotawa, wata ƙabila ta arewacin iyakar daular, a 251, dokar ta bi shi. Abin da ya rage wa coci shi ne rigimar cikin gida: wanda ya yanka, da wanda ya zuba turare kawai, da wanda ya sayi takarda, hukuncinsu ɗaya ne? A Kartaj, bishop Sifiriyan ya rarrabe su, ya sa wa kowa gwargwadon tubarsa. A birnin Rum, wani limamin coci mai suna Nobatiyan ya ce ba mai komowa, ya ɓalle da jama'arsa.

Sarki Diyokiletiyan, mai dokar 303 da ka ambata, ya fi Desiyus lissafi, ya nufi ƙashin bayan cocin. Ranar 23 ga Fabrairu 303 aka rushe majami'ar Nikomidiya, birnin da fadarsa take, washegari aka kafe doka: a rushe wuraren ibada, a miƙa littattafai a ƙona, ba taro, Kirista mai muƙami ya rasa darajarsa da damar kai ƙara kotu. Doka ta biyu ta ce a kama shugabannin coci. Kurkuku ya cika maƙil, ta uku ta ce a saki duk wanda ya yi hadaya. Ta huɗu, a 304, ta haɗa kowa.

Akwai rahoton binciken da aka yi a garin Sirta, inda birnin Kwanstantin na Aljeriya yake yau, ranar 19 ga Mayu 303. Magajin gari ya shiga gidan taron, magatakarda yana rubutawa: kofunan zinariya 2, na azurfa 6, rigunan mata 82, na maza 16, takalman mata ƙafa 47 biyu-biyu, na maza 13. Tufafin sadaka ne da aka tara wa talakawa. Da aka zo kan littattafai sai aka ce suna hannun masu karatu, aka bi su gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka miƙa littattafai su aka laƙaba wa suna traditores, wato masu miƙawa. Ka riƙe kalmar nan, za ta dawo.

Ita ma wannan ba ta kai gaci ba, don daular na hannun sarakuna huɗu, kowa da zafin hannunsa. A Gol da Biritaniya, Kwanstantiyus, mahaifin Kwanstantin, ya tsaya ga rushe 'yan gine-gine. A Masar, Falasɗinu da Siriya an yi shekaru ana kisa. A ƙarshen Afrilu 311 Galeriyus, wanda ya fi kowa zafi cikin sarakunan, yana kan gadon ajali ya janye dokar, har yana neman Kiristoci su yi wa lafiyarsa da daula addu'a.

Malama Talatu

Malam Garba ya share hanya. Abin da zan fara gyarawa shi ne Kwanstantin bai mai da Kiristanci addinin gwamnati ba. Bayan ya ci abokin hamayyarsa Maksentiyus da yaƙi a gadar Milbiya ranar 28 ga Oktoba 312, ya gana da takwaransa sarki Lisiniyus a Milan a farkon 313, suka daidaita a kan abu biyu: kowa ya bi addinin da ya ga dama, kuma a mayar wa coci kadarorinta kyauta, wanda ya saya daga hannun hukuma ya nemi diyya a baitulmali. Ya ci gaba da riƙe sarautar babban limamin addinin gargajiya, kuma allan rana bai bar kan kuɗinsa ba sai cikin shekarun 320. Ko dokar hutun Lahadi ta 321, ranar rana ta kira ta, ta rufe kotuna da sana'o'in birni, ta bar manoma su je gona don kada shuka ta wuce lokacinta.

Abin da ya canza lissafi gata ne da kuɗi. An halatta wa coci cin gadon wasiyya. An yarda a 'yanta bawa a gaban bishop, 'yancin ya zauna a doka. An ba bishop ikon yanke shari'ar da aka kai masa. Mafi nauyi, an yafe wa ma'aikatan coci hidimar majalisar gari.

Sai an san wannan hidima za a gane girman kyautar. Masu ƙasa na kowane gari su ne 'yan majalisa, kuma kujerar gado ce, ba ta zaɓi ba. Su ke tara haraji, in ya gaza su cike daga aljihunsu. Su ke gyaran hanya, su sayi itacen ɗumama gidan wanka, su ɗauki nauyin wasanni. Mutum na iya tsiyacewa a kai. Da aka ce rigar coci na ɗauke wannan kaya, masu hali suka yi ca a kanta, nauyin ya koma kan waɗanda suka rage. Ba a je ko'ina ba Kwanstantin da kansa ya fitar da doka cewa kada a naɗa ɗan majalisa ko mai dukiyar da ta isa hidima, kuma kada a naɗa sabo sai a gurbin wanda ya mutu. Sarakunan bayansa sun yi ta maimaita irin wannan doka, alamar ba a bin ta.

A nan gizo ke saƙa, kuma nan amsar tambayarka ta uku take. In za ka raba gata, dole ka san wa za ka ba. A 313 Kwanstantin ya aika wa Sisiliyan, bishop na Kartaj, jakar kuɗi 3,000, ya rubuta wa gwamnan Afirka cewa yafewar ta ma'aikatan cocin da Sisiliyan ke shugabanta ce. To a Kartaj bishop biyu ne. Ɗaya ɓangaren, da daga baya aka sani da mabiya Donatus, sun ce naɗin Sisiliyan ɓatacce ne, domin cikin waɗanda suka naɗa shi akwai mai miƙa littattafai. Su ne suka kai ƙara wurin sarki. Aka zauna a Rum a 313, suka faɗi. Suka ɗaukaka, aka tara bishop-bishop a Arles a 314, suka sake faɗuwa. Sarki ya yanke da kansa a 316, ya sa a ƙwace majami'unsu, aka zubar da jini, suka ce ga shi, mu ne cocin shahidai. A 321 ya haƙura ya ƙyale su. Tsugune ba ta ƙare ba: a taron Kartaj na 411, kusan shekara ɗari bayan haka, kowane ɓangare ya zo da bishop wajen 280.

Ɗan Makaranta

Na gode, Malama. Ke nan taron Nikiya ma irin wannan ne? An ce a can aka zaɓi littattafan Baibul, aka kuma rufe gardama.

Malam Ishaya

Duka biyun ba haka ba ne, ɗan'uwa. Taron Nikiya na 325 bai tattauna jerin littattafai ba. Abin da ke gabansa gardamar Ariyus ce, wani limamin Iskandariya da ya koyar cewa, a aƙidar Kirista, Ɗan yana da mafari, ba daidai yake da Uban ba. Sai batun ranar Ista da dokoki 20 na tsarin coci. Sarki ne ya kira taron, ya ba bishop-bishop izinin hawa dabbobin gidan wayar gwamnati, ya ciyar da su. Al'ada ta ce 318 ne suka halarta, waɗanda suka je da kansu sun ba da adadi daga 250 zuwa wajen 300, kusan dukansu daga gabas. Bishop na Rum bai je ba, limamai biyu ya wakilta.

An fitar da matsaya da kalmar Girkanci homoousios, wato zati ɗaya. Biyu kacal suka ƙi sa hannu, dukansu daga Libiya, aka kore su tare da Ariyus. Sabon abin shi ne hukuncin: wanda taron coci ya tsine wa, gwamnati ce ke korarsa daga gari. Wuƙar nan kuwa baki biyu gare ta. Cikin 'yan shekaru waɗanda aka kora suka dawo fada, a 335 aka tura Atanasiyus na Iskandariya, babban mai kare matsayar Nikiya, gudun hijira Tiriya, wani birni a Jamus ta yau. Sau biyar ana korarsa a rayuwarsa. Da Kwanstantin ya zo mutuwa a 337, Yusibiyus na Nikomidiya, ɗaya daga cikin masu goyon Ariyus, shi ya yi masa baftisma. Ɗansa Kwanstantiyus na biyu ya tura taruka a 359 da 360 suka jingine kalmar zati, suka tsaya ga cewa Ɗan yana kama da Uban. Wannan aƙidar ce Gotawa suka karɓa ta hannun bishop ɗinsu Ulfila, suka riƙe ta ƙarni biyu bayan Rumawa sun bar ta.

Sarki Juliyan, wanda ya koma addinin gargajiya, daga 361 zuwa 363, ya nuna cewa har lokacin abin na iya komawa baya. Bai bi hanyar kame da kisa irin ta Diyokiletiyan ba. Ya soke gatan ma'aikatan coci, ya dawo da bishop-bishop da aka kora don su ci gaba da cin dunduniyar juna, ya hana Kiristoci koyar da adabin Girka a makarantu. A ganina wannan ta fi dabarar Diyokiletiyan wayo nesa ba kusa ba, sai dai mashi ya same shi a yaƙin Farisa bai cika shekara biyu a kan gado ba.

Dokar 380 ɗin da ka ambata, ka duba lokacinta. Ranar 9 ga Agusta 378 Gotawa suka kashe sarki Balens a Adiriyanobul, kashi biyu cikin uku na rundunarsa suka halaka. Balens mai aƙidar "kama da" ne. Wanda ya gaje shi a gabas, Tiyodosiyus, mutumin Sifaniya ne, ɗan yamma inda Nikiya ke da ƙarfi. Ranar 27 ga Fabrairu 380 a Tasalonika ya ce addinin gaskiya shi ne wanda Damasus na Rum da Bitrus na Iskandariya ke bi. Ka lura, sunan mutum biyu ya kama a matsayin ma'auni, tamkar yadda Kwanstantin ya kama sunan Sisiliyan. Dokar kuma da Kiristocin ɗaya ɓangaren take, ba da masu gumaka ba. A Nuwamba ya shiga Kustantiniya ya karɓe majami'u daga hannun bishop Dimofilus.

Malam Garba

Ƙari kaɗan kan na Malam Ishaya, kada a ɗauka 380 ce ta rufe gidajen gumaka. An fara da yanke musu abinci: a 382 Giratiyan, sarkin yamma, ya tsayar da kuɗin da gwamnati ke ba tsofaffin ibadun birnin Rum, ya cire bagadin allahiyar nasara daga zauren majalisar dattawa. Simakus, wani ɗan majalisar, ya roƙi a mayar a 384, bishop Amburos na Milan ya tare hanya. Dokar Tiyodosiyus mai haramta hadaya da shiga haikali ta 391 ce, kuma tararta ta fi auna manya: gwamnan da ya shiga haikali don ibada zai biya zinariya laba 15. Ana buga tsabar solidus 72 daga laba ɗaya ta Rum, kowace wajen giram huɗu da rabi, ke nan tsaba 1,080. Ma'aikatan ofishinsa ma za su biya in ba su hana shi ba. Ta Nuwamba 392 ta shiga har cikin ɗaki, ta ce gidan da aka ƙona wa gunki turare a ƙwace shi.

Takarda dai daban, aiki daban. A tsibirin Filae, can kudancin Masar, wani mai hidimar haikalin Isis ya sassaƙa rubutun hirogilif a bango ranar 24 ga Agusta 394, kusan shekara biyu bayan dokar. Shi ne na ƙarshe mai kwanan wata da aka sani, kuma haikalin bai rufu ba sai zamanin Jastiniyan, cikin shekarun 530.