Muna da yini ɗaya a Jidda bayan Umara, ina ya kamata mu kai Mama?

Maman Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san Jidda. Mun zo Umara ni da mahaifiyata da ƙanina da 'yata ƙarama, jirginmu na komawa Kano sai ƙarfe biyun daren Talata wayewar Laraba, masu otal ɗinmu na Makka kuma sun ce sha biyun rana mu ba su ɗaki. To na ga da mu je mu zube a filin jirgi tun rana gara mu zaga da Mama ta ga gari, ita burinta ɗaya ta ga teku da idonta dan tunda take bata taɓa ganinsa ba sai ta tagar jirgi, ni kuma tsohon garin nan Balad nake so in gani. Matsalar Mama na da ciwon gwiwa, ko safa da marwa a keke muka tura ta, ga kaya niƙi-niƙi. Ya za mu tsara yinin ba tare da mun wahalar da ita ba?

Abu Yusra: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya karɓi ibada. Abu na farko ku manta da jirgin ƙasan Haramain tunda kuna da kaya, suna ƙayyade jakar da mutum zai shiga da ita, kuma in kun sauka ina za ku ajiye su? Ku ɗauki shatar babbar mota tun daga Makka ku yi ciniki da direba kan cewa yana tare da ku har ya sauke ku a filin jirgi, kaya na bayan mota hankalinku kwance. Tafiyar kamar awa ɗaya ce in ba cunkoso. Kuma ki sani Balad a kudancin gari yake, filin jirgi a arewa, dan haka Balad za ku fara sannan ku bi bakin ruwa kuna hawa sama, kar direba ya juya muku tsarin.

Ummu Hanif: Ni dai shawarata ku ba masu otal ajiyar kaya ku koma Harami ku yi zamanku har isha'i. Sallah ɗaya a can ta fi dubu ɗari a wani wuri, waye ya san yaushe za a sake dawowa. Teku ai yana nan ba inda zai je.

Maman Ilham: Gaskiya kika faɗa Anti, na yi wannan tunanin wallahi. Amma ita Mama ce da bakinta ta roƙa, kuma da shekarunta ban san ko za ta sake samun hanyar ganinsa ba, shi ya sa bana so in hana ta.

Ɗan Fagge a Jidda: Ki kai ta 'yar uwa, faranta ran uwa ma ibada ce. Ni a garin nake zaune, bari in gaya miki yadda abin yake. Da tsakar rana Balad a mace yake, shaguna a rufe, ga zafi ga gumin teku da ke manne wa mutum riga a jiki, sai bayan la'asar gari ke farkawa. Dan haka ku yi azahar a Makka ku taso, ku tsaya ku ci abinci a huta, la'asar ta same ku a Masallacin Shafi'i cikin Balad ɗin, yana cikin masallatai mafi tsufa a garin. Daga nan sai ku taka a hankali zuwa Baitu Nasif, gidan da Sarki Abdul'aziz ya sauka lokacin da ya shigo Jidda a 1925. A ƙofar gidan akwai tsohuwar bishiyar darbejiya irin tamu ta gida sak, da inuwa da wurin zama, nan za ki zaunar da Mama ita da yarinyar ke ki zaga. Ki ɗaga kai ki kalli gidajen sosai, da dutsen murjani na cikin teku aka gina su ana jera katako a tsakani, wasu hawa huɗu wasu biyar, ga tagogin katako da suka turo waje an sassaƙa su da ƙananan huda yadda iska za ta shiga, matan gida su ga titi su ba a gan su ba. In kika matsa kusa da bango inda yaɓe ya zube har alamar kwanson teku za ki iya gani a jikin dutsen. Tun zamanin Sayyidina Usman garin nan yake tashar ruwan Makka, kakanninmu da suka yi hajjin ƙasa ta Sudan suka tsallako Bahar Maliya a jirgin ruwa da yawansu nan suka sauka, ki gaya wa Mama wannan za ta ji daɗi. A 2014 UNESCO ta sa unguwar cikin wuraren tarihin duniya, ana ta gyare-gyare, dan haka kar ki damu in kin tarar da wani gidan a rufe.

Hajiya Mai Atamfa: Ƙari a kan maganar Malam, mota bata shiga lungunan can ciki, ƙasan kuma ba sumul yake ko'ina ba, ku riƙe keken Mama a hannu kar ku cusa shi ƙarƙashin akwatuna. Sannan kasuwar Suƙul Alawi na nan jikin wurin, dabino da turaren wuta da sallaya da kayan ƙamshi duk akwai, amma ina gargaɗinki kar ki shiga da niyyar ciniki mai tsawo, kasuwar nan cin lokaci gare ta kafin ki ankara an kira magariba.

Baban Sadik: Nan ne inda nake so a kula. Ita Mama teku take so ta gani, in dare ya yi kuwa ba abin da za ta gani sai duhu da fitilu. Jidda yamma take kallo, rana cikin ruwa take faɗawa, dan haka saura awa ɗaya magariba ku bar Balad ko ba ki gama ba. Kornish, wato titin bakin teku, na unguwar Hamra shi ne kusa da ku, akwai kujeru da hanyar tafiya mai laushi ta tura keke. Ku zauna nan har a yi sallah, ga famfon Sarki Fahad a gabanku yana harba ruwan teku can sama sosai, da dare ake haska shi ya fi kyau, sai dai wani lokaci akan kashe shi dan gyara ko in iska ta yi ƙarfi.

Maman Ilham: Madalla, na gode ƙwarai. To za ta iya tsoma ƙafa a ruwan? Ta ce ko da tafin hannu ne tana so ta taɓa shi.

Ɗan Fagge a Jidda: Yawancin Kornish duwatsu ne da shinge, ba ko'ina aka yarda a shiga ruwa ba, akwai alluna suna nunawa. Wurin wanka na sosai sai Obhur can arewa, shi kuma ya yi muku nisa a wannan tsarin, wasu wuraren ma sai an biya. Amma in kun hau Kornish na arewa akwai 'yan wurare masu yashi da aka keɓe wa iyalai, ki ce wa direba ya tsaya a ɗaya, ƙaninki ya riƙe ta ta gefe ta jiƙa ƙafa a bakin ruwa. Daga nan ku yi isha'i a Masallacin Rahma, wanda aka kafa a kan ginshiƙai cikin ruwa, akwai ɓangaren mata kuma yana kan hanyarku. Goma ta yi muku a filin jirgi, jirgin Kano layin awon kaya ba ƙarami ba ne.

Maman Ilham: Allah ya saka da alheri baki ɗaya, haka za mu yi insha Allah. Saura abincin rana, Mama bata cin soyayyen abu sosai, ina za mu samu gasasshen kifi da shinkafa kusa da Balad ɗin wanda ke buɗe da rana?