Rigar ruwa wadda ba ta cutar da muhalli: me tela zai iya yi a shagonsa?

Telan Argungu:
Assalamu alaikum. 'Yan kabu-kabu da masunta na neman rigar ruwa kowace damina, ta leda kuwa wata biyu ta yage an jefar a kwata. Ana cewa kamfanonin waje masu ɗinka kayan shiga daji da hawan dutse sun sauya salo saboda muhalli. Me suka sauya, kuma wanne ne tela mai keke ɗaya zai iya kwaikwaya?

Malamar Kimiyya, Birnin Kebbi:
Wa alaikumus salam, Malam. Babban abin da ake gudu shi ne sinadaran da ake kira PFAS. Su ake shafa wa yadi ruwa ya riƙa mirginewa a kansa kamar a ganyen gwaza. Aibinsu ba sa ruɓewa: wanki ya kai su kogi, kifi ya ɗauka, su taru a jikin mutum. Faransa ta yi doka a 2025 da ta hana su a tufafi daga 2026, jihohin Kalifoniya da New York na Amurka kuwa sun fara hanawa tun Janairun 2025.

Sai sake sarrafa roba. Kamfanin Patagonia na Amurka ya fara yin rigunan sanyi da tsofaffin gorunan lemo na roba a 1993. Amma kada a ruɗe ka da hoton koren ganye a jikin lamba. Irin wannan yadi yana zubar da ƙananan zarurrukan roba duk wanki, kuma gorar da ta zama riga da wuya ta sake zama wani abu.

Mai Tanti, Gusau:
Abin da za ka iya gobe da safe shi ne shafa kakin zuma. Kamfanonin Barbour na Ingila da Fjällräven na Suwidin har yau da kaki suke tsare wasu rigunansu. Nemi yadin auduga mai kauri, mai matsattsiyar saƙa. Ɗaga shi ga rana, in haske na ratsawa ƙwaya-ƙwaya, bar shi. Wanke shi tukuna ya gama tsukewa, sitacin ya fita, sannan ka yanka.

Gram 150 zuwa 200 na kaki ya ishi rigar babba. Kada ka ɗora shi kai tsaye a wuta, yana kamawa. Sa shi a gwangwani, gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. In ya narke, shafa wa ɗinkakkiyar rigar da buroshi siriri-siriri, ka fi ba kafaɗu, hula da layin ɗinki ƙarfi, don ta ramin allura ruwa ke fara shiga. Shimfiɗa takarda a kai ka bi da dutsen guga mai matsakaicin zafi har farin ya ɓace cikin zaren. Rataye ta a inuwa kwana biyu, ka yayyafa ruwa ka gani. Inda ya jiƙe, ƙara shafi.

Kurakurai uku ke ɓata aikin. Wasu na zuba man gyaɗa don ya yi laushi, sai ya yi ɗoyi ya ja ƙura. Wasu na yi da kyandir zalla. Daga man fetur yake, yana tsagewa a gwiwar hannu, wani kuma ya yi taushi a zafin Afrilu, alhali kakin zuma sai wajen digiri 62 yake narkewa. Na ukun shi ne shafa wa yadin roba, wanda ba ya sha, sai dai ya ɓamɓare. Ka gaya wa mai saye: ba omo, ba ruwan zafi, soso da ruwan sanyi kawai, a sabunta shafin kafin kowace damina. Rigar tana da nauyi, kuma a mamakon Agusta na awa uku za ta ɗan jiƙe. Faɗa masa gaskiya tun farko.

Dattijon Majema, Kaura Namoda:
Yaro, ku ƙara da wannan. Waɗancan kamfanoni yanzu suna buɗe shagunan gyara, abin da telan bakin kasuwa ya gada. Ɗinka zif yadda za a iya farke shi a sa wani ba tare da taɓa ƙirjin rigar ba, ka bar rarar yadi a cikin ɗinki, ka ba mai saye ƙyallen faci daga ragowar yankan. In za ka sa fata a madaurin jaka, nemi wadda aka jeme da bagaruwa. Ta kamfani mafi yawa da sinadarin kuromiyam ake jemarta, ruwan da ke fita daga nan kuwa ba ka so ya gangara fadamar shinkafa.