Musayar waƙa: masu dafa zinariya da iyayen gidansu

Ɗan Maƙera:
Salamu alaikum. Amsa-amon yau "ya" ne, kowa ya ɗora.

Ku zo mu leƙa Prague, fadar Rudolf,
Sarkin da ya so masu dafa zinariya.
A 1583 ya mai da gadonsa can,
Ya ba su murhu, gawayi da tukunya.
Zugazugi na huci, zaiba na tururi,
An zuba dalma, ana jiran ta koma zinariya.
Wanda sarki ya riƙe ai ya huta,
Ga ci, ga sutura, ga kuma kariya.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Ɗana, ka ga inuwa ba ka ga ƙaya ba,
Edward Kelley na Ingila ya sha wuya.
Rudolf ɗin da ya ɗaukaka shi,
A 1591 ya kulle shi, ba tafiya.
Je ka Stuttgart ka tambayi Honauer,
Ya ce ƙarfe zai mayar dukiya.
A 1597 suka sa masa riga mai ƙyalli,
Gungumen ƙarfe aka kafa, aka ɗaura igiya.
Anna Zieglerin fa, a fadar Julius?
Kan kujerar ƙarfe wuta ta ci ta, ba tausaya.

Malam Na Zaure:
Hajiya, a yi haƙuri in sa baki,
Ba duka ne suka ci da ƙarya.
Sarakunan nan suna da ramukan azurfa,
Mai gwada tama suke nema da gaskiya.
Tycho Brahe a tsibirin Hven,
Murhu 16 ya gina a ƙasa, wuri ɗaya.
Sama yana auna taurari,
Ƙasa yana haɗa magani don lafiya.

Ɗan Maƙera:
Allah gafarta Malam, ka ɗauke mini nauyi!

Gwaggo, ga Böttger da ya gudo daga Berlin,
Augustus na Saxony ya tare masa hanya.
Zinariya ta ƙi, sai ya koma ga farar ƙasa,
Shi da masani Tschirnhaus suka gasa ta bai ɗaya.
A 1710 garin Meissen ya fara tangaran,
Irin wanda da sai an yo oda daga Asiya.

Gwaggo Mai Alƙalami:
Na yarda da tangaran, ɗana, amma ƙarasa,
Wa ya ci riba, wa ya kwana a ajiya?
Dogarai a ƙofa, hayaƙi a ƙirji,
Sai 1714 aka buɗe wa Böttger hanya.
A 1719 ya rasu, shekara 37,
Kai da ka ce ya huta, kawo amsarka da "ya".