Injin komawa zamanin da bai taɓa sauka ƙasarmu ba

Uwar Auta, Tawa:
Assalamu alaikum. Shawara nake nema. Autana shekararsa 10. Kawunsa ya kawo masa littattafan zane uku na Faransanci daga Yamai, na hannu ne, bangon ɗaya ma da salatif aka liƙe shi. Labarin wasu yara ne da ke shiga inji su murɗa agogo, sai ga su a Masar ana jan duwatsun dala, ko a Rum cikin mayaƙa masu sulke. Yaron da sai an yi masa tsawa yake buɗe littafin lekol, yanzu cikin gidan sauro nake kama shi da tocila tsakar dare.

Shekaranjiya ina tankaɗe ya tsuguna gabana ya ce, "Inna, don me injin bai taɓa sauka nan ba? Da can babu mutane ne a wurinmu?" Na ce akwai mana. Da ya ce su wane ne, sai na shiga kame-kame. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. Yana da hannun zane, ina so in saya masa babban kaye mu yi namu labarin. To ina za mu kai injin?

Mushen Tarihi, Yamai:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ku kai shi Gobero, cikin Tenere, jihar Agadas. A shekarar 2000 ayarin masanin kimiyya Paul Sereno ya je neman ƙasusuwan dinoso, manyan dabbobin nan da suka ƙare tun zamanin da, sai suka tarar da maƙabarta mai kaburbura kusan 200. Wajen shekara 10,000 baya, inda yau babu komai sai rairayi, tafki ne mai dorina da kada da giwan ruwa, mutane suna sukar kifi da māshin ƙashi. An samu wata yarinya da awarwaron haƙorin dorina a damtse. An kuma samu mace da yara biyu a kabari ɗaya suna rungume da juna. Duk shekara ina ba ɗalibaina wannan labari, a nan ne aji yake yin tsit. Ki ce ya zana injin ya sauka bisa tudun rairayi, a buɗe ƙofa, ruwa ya kai masu gwiwa.

Baba Alhaji:
'Yata, madalla da wannan niyya. Sai dai ki riƙa tuna masa ƙage ne, jiya ba ta dawowa, lokaci a hannun Allah yake. In ya gane haka babu laifi. Kuma kada a tsaya can nesa kawai. Shahararren matafiyi Ibn Battuta ya sauka Takadda, cikin ƙasar Agadas, a 1353, ya ba da labarin tagullar da ake narkawa a garin. Ga masallacin Agadas na wajen 1515, hasumiyarsa ta laka mita 27. Yaron ya shiga cikin masu miƙa tubali.

Yayar Biyu, Yamai:
Yaya, in kun zo hutu ki kai shi Gidan Tarihi na Bubu Hama ya ga ƙasusuwan dinoso ido da ido. Amma ki kula, yarana sun zana mutum yana kiwon dinoso, sai da na zaunar da su na ce miliyoyin shekaru ne tsakani. Akwai kuma Bura, wajen Tera, da aka gano a 1975, inda aka tono tulunan kabari da mutum-mutumin laka, har da mahayi bisa doki.

Uwar Auta, Tawa:
Allah ya saka da alheri, Baba na ji kuma na gaya masa. Mushe, Gobero ya zaɓa. Daren jiya ya cika shafi huɗu. Injin nasa tukunyar tuwona ce, da murfi da eriyar rediyo a ka. Yarinya mai awarwaro ita ta fara ganinsu, tana cikin ruwa riƙe da kifin da ya kusa kai ta tsawo. Yanzu ya tsaya cak, wai bai san da wane harshe za ta gaishe su ba, ya bar wurin maganarta fari. Mushe, me zan ce masa?